Motata ta cinye rubu'in mil a daƙiƙa 13.74: ina ya kamata kuɗin gyara su fara shiga?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar tseren miƙaƙƙen layi, wanda motoci biyu ke jerawa su tashi daga tsaye, a ga wadda za ta fara cinye rubu'in mil. Ina zaune a yankin Dalas ta jihar Teksas, kuma motar da nake zuwa aiki da ita kullum Mustang GT ce ƙirar 2016, mai giyar hannu guda shida, injinta lita 5 mai ƙarfin doki 435, ban taɓa sauya ko kusa ɗaya a jikinta ba. Daren Juma'ar da ta wuce na kai ta filin tsere karo na farko, a irin daren da ake buɗe wa kowa ya gwada motarsa ta gida. Sau huɗu na shiga layi, kuma takardar sakamako mafi kyau ta nuna na ci ƙafa 60 na farko a daƙiƙa 2.31, rubu'in mil a 13.74, na tsallake layin ƙarshe ina gudun mil 108 a awa. Abin da ya fi damuna shi ne, da na saki kuloci sai tayoyin baya suka riƙa tsalle suna dukan ƙasa, har madubin ciki ya karkace, dole na ɗaga ƙafa daga totur kafin motar ta nutsu. Na ɗan tara kuɗi, kuma wani abokin aikina ya ce in zuba su a sufacaja, na'urar nan da ke cusa wa inji iska. Da ita ya kamata in fara, ko akwai abin da ya fi ta cancanta?

Mai Turbo:
Wa alaikumus salam, Abban Sadiq, barka da shigowa cikinmu. Ni ina bayan abokin aikinka. A nan Doha mun ga irin wannan injin da sufacaja ya haura ƙarfin doki 600 ba tare da an buɗe cikinsa ba, kuma duk dabarar da za a koya maka ta tashi ba za ta ba ka abin da wannan ƙarin zai ba ka ba. Tunda kuɗin suna hannu, ka yi babban aikin sau ɗaya, ƙananan su biyo baya.

Injiniya Garba:
Wa alaikumus salam. Malam Mai Turbo, ka yi mini uzuri, ban yarda da wannan jeri ba, kuma hujjata tana cikin takardar da ɗan uwanmu ya kawo. Lambobi biyu ne a ƙarshenta, kowace da labarin da take bayarwa. Gudun da mota ta fita da shi a layin ƙarshe shi ke nuna ƙarfin inji idan aka auna shi da nauyin mota, lokacin kuwa ya fi nuna yadda aka sauke wannan ƙarfi a ƙasa. Motar da ke fita da mil 108 tana da ƙarfin da zai sauko da ita ƙasa da daƙiƙa 13, saboda haka kusan daƙiƙa guda ta salwanta, kuma ba a inji ta salwanta ba, a ƙafa 60 na farko ne, wato wajen mita 18 cikin mita 402 na dukkan filin. Masu wannan harka suna da ƙiyasin da aka daɗe ana aiki da shi, cewa duk kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa da ka rage a ƙafa 60, zai dawo maka da ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙarshen fili. Wanda ya sauko daga 2.31 zuwa 1.90 ya sami abin da mutane ke kashe kuɗi masu yawa a inji suna nema.

Tayar da ta kasa riƙe doki 435, ta yaya za ta riƙe 600? Ni a Santa Pod nake gudu a nan Ingila, filin da aka buɗe a 1966 a kan tsohon sansanin jiragen yaƙi, kuma babu ranar buɗe wa kowa da ba na ganin mota mai ƙaton inji tana ta hayaƙi a wurin tashi, ƙaramar mota mai tayoyin kirki ta wuce ta bar ta.

Mai Turbo:
Injiniya, ranka ya daɗe, ban musa maganar taya ba. Abin da nake cewa shi ne, taya da dabarar ƙafa suna da iyaka. Ya gyara tashinsa ya kai 12.8, daga nan kuma fa? Dole dai ya dawo kan inji, ya sake biyan kuɗin saita kwamfutar mota, wataƙila ma ya sake sayen kayan ƙafa da suka dace da sabon ƙarfin.

Injiniya Garba:
Idan ya kai 12.8 da ƙarfin da yake da shi, to a lokacin ya san motarsa, kuma duk dokin da ya ƙara zai gan shi a takarda. Yanzu kuwa akwai abin da ya fi gaggawa, wato tsallen nan da ya ambata. Abban Sadiq, ka saurara da kyau, domin wannan ne ke karya mota. Irin motarka daga ƙirar 2015 kowace tayar baya da nata hannu take tafiya, ba doguwar aksil guda ba ce irin ta ƙirar 2014 zuwa baya, kuma duk ƙafar bayan tana zaune ne a kan bushin na roba domin motar ta yi laushi a titi. Wannan ɗabi'ar yawancin motoci masu irin wannan ƙira ce. Idan ka saki kuloci da ƙarfi, taya ta kama ƙasa, robar ta matse kamar an ɗana baka, sai taya ta suɓuce, robar ta saki, tayar ta sake kamawa, haka sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Kowane kamu duka ne a kan sandunan da ke juya tayoyin da haƙoran giya. Na taɓa karya sanda ɗaya a wata tsohuwar motata saboda na ƙi ɗaga ƙafa ina jin tana tsalle, na ji ƙara kamar an sare itace, motar ta tsaya tana ihu ba ta motsi, sai turo ta aka yi daga layi. Laifina ne, kuma kai ka yi daidai da ka ɗaga ƙafa. Duk ranar da ta sake yi maka haka, ka saki totur nan take, wannan gudun ya riga ya lalace.

Abban Sadiq:
Na gode ƙwarai, Injiniya. To me zan yi a mako mai zuwa, kafin in sayi komai? A ranar na kai injin juyi 4,000 a minti kafin in saki kuloci, iskar tayoyin baya kuma tana kan 35 a ma'auni. Na kuma bi ta cikin ruwan nan da ake zubawa kafin layi, domin na ga na gabana sun bi.

Injiniya Garba:
Ka lissafa kurakurai uku da bakinka, kuma babu wanda gyaransa zai ci maka ko sisi. Ruwan nan na masu tayoyin tsere ne, waɗanda robarsu ke buƙatar zafi kafin ta yi danƙo. Tayar titi tana da zane mai zurfi, takan ɗebi ruwa a cikinsa, ta kai shi har wurin tashi ta ɗiga, ka ɓata wa kanka ka ɓata wa na bayanka. Ka kewaye ruwan gaba ɗaya, ka ɗan juya tayoyin sau ɗaya a busasshen wuri domin su kakkaɓe tsakuwa, ya isa. Na san motarka ta zo daga kamfani da tsarin da ke riƙe birkin gaba kaɗai domin ƙona taya, amma ka ajiye shi sai ranar da ka sa tayar da ke buƙatarsa.

Iskar baya ka rage ta zuwa wajen 26 ko 28, kada ka yi ƙasa sosai, domin gefen tayar titi yana da tauri, idan iska ta yi kaɗan sai tsakiyarta ya lotsa ciki, abin da ke taɓa ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru. Ta gaba kuma ka ɗan ƙara mata, ba tare da ka wuce abin da aka rubuta a jikinta ba, domin ta rage ja. Ka tafi da famfon iska naka, ka mayar da komai yadda yake kafin ka hau titin gida.

Juyi 4,000 ya yi wa tayar titi yawa. Ka fara daga 2,000 zuwa 2,500, ka kashe na'urar da ke hana taya sulɓi, ka saki kuloci da sauri amma ba jifa ba, kana ƙara totur daidai da yadda kake jin bayan motar yana zama. Kuloci zai ɗan ci wuya, shi ya sa ake barin mota ta huce tsakanin gudu da gudu, a buɗe bonet na minti ashirin ko talatin. Wajen jerawa kuma, fitilu biyu ne a saman bishiyar fitilun, wato sandar fitilun da ke ba da alamar tashi, ka matsa a hankali har ta farko ta kama, ka ƙara ɗan taku har ta biyu ta kama, ka tsaya cak a nan. Agogo ba ya fara lissafi sai tayar gaba ta bar hasken na'urar, don haka wanda ya tsaya da wuri yana samun 'yan inci na gudu kyauta. Kada ka damu da koriyar fitila a yanzu, domin jinkirin tashinka ba ya shiga lokacin da ake rubuta maka, ko da ka yi daƙiƙa biyu a tsaye.

Malam Isa Makanike:
Salamu alaikum. Ni ban taɓa ganin irin wannan fili da idona ba, aikina a Panteka ne a Kaduna, amma shekaruna a ƙarƙashin mota sun ba ni damar in sa baki. Alhaji Abban Sadiq, kowa yana maganar yadda za ta tashi, ni kuwa ina tunanin yadda za ta tsaya, domin mil 108 ya haura kilomita 170 a awa. Kafin ka koma, ka duba kaurin birki da mansa, ka bi kusoshin taya ɗaya bayan ɗaya da sifana mai awo, ka girgiza batir ka tabbatar a ɗaure yake, ka leƙa ƙasan motar da safe ko akwai ɗigon baƙin mai ko ruwan lagireto. Sannan ka karanta shekarun tayoyinka. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen jerin rubutu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Mu nan da muke fama da tayoyin gwanjo mun san taya na iya zuwa da zanenta cikakke alhali robar ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi. Idan tayoyin da motar ta zo da su ne har yanzu, ba mamaki su ne rabin matsalarka.

Abban Sadiq:
Allah ya saka da alheri, Malam Isa. Na fita yanzu da fitilar waya na duba, na baya suna ɗauke da 1819, ke nan mako na 18 na shekarar 2019. Ban taɓa sanin ma'anar lambobin ba sai yau.

Ɗan Birni:
Malamai, ina bin wannan muhawara daga Kano. Shin waɗannan dabarun za su yi aiki a kwalta ta yau da kullum? Muna da wata miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa a kanta da sassafe.

Shugaban Zaure:
Ƙanena Ɗan Birni, ba za mu ba da shawarar tsere a titin jama'a ba a wannan zaure, kuma ina roƙon kada kowa ya amsa ta wannan fuska. Hanyar da kake gani ba kowa, mai babur ko yaro ko garken shanu na iya fitowa a kowane lokaci, kuma kowannenmu ya san gidan da gudun ganganci ya jefa cikin makoki. Wannan wasa da kansa domin kauce wa haka aka tsara shi. Hukumar NHRA mai shirya irin wannan tsere a Amurka, wadda Wally Parks ya kafa a 1951, babban dalilinta shi ne a ɗauke matasa daga tituna a kai su wurin da ke da katanga, da motar asibiti, da doguwar hanyar tsayawa. Duk da haka, bayan rasuwar direba Scott Kalitta a 2008, sai da aka rage wa manyan motocin tsere masu shan man nitiro maimakon fetur tsawon fili daga ƙafa 1,320 zuwa 1,000. Ban da haka ma, wurin tashi a fili ana fesa masa wani sinadari mai danƙo, ga robar da ta taru a kai, har takalmi yakan manne idan ka taka, saboda haka lambobin da ake faɗa a nan ba su da alaƙa da kwalta mai ƙura. Mu koma kan tambayar Abban Sadiq.

Maman Hanifa:
Salamu alaikum. Ni da maigidana muna zuwa fili a jihar Jojiya, shi yana gudu, ni ina riƙe littafin lissafi. Abban Sadiq, akwai abubuwa uku da ban ga an ambata ba. A filayen da ke bin dokar NHRA, motar da ta yi daƙiƙa 13.99 ko ƙasa da haka dole direbanta ya sa hular kwano mai shaidar inganci, kuma kai ka riga ka shiga wannan sahu, don haka ka sayi taka wadda ta yi maka daidai maimakon aro. Ka kuma kashe esi tun kana cikin jerin gwano, domin ruwan da take ɗigarwa yana sa a tsayar da kowa a goge fili, kuma ma'aikata ba sa wasa da wannan. Na uku, ka karanta takardar inshorarka da natsuwa, domin yawancinsu sun cire duk abin da ya faru a filin tsere. Tunda da wannan motar kake neman abinci, wannan kaɗai ya isa ya sa ka bi maganar Injiniya ka tafi a hankali. Idan kuma wani ya ce ka cire tukunyar tace hayaƙi daga salansa domin ƙarin ƙarfi, ka sani dokar tarayya ta hana hakan ga motar da ke hawa titi.

Mai Turbo:
Hajiya ta yi gaskiya a kan hula da inshora. Zan ƙara abu ɗaya da ba ya cin kuɗi, wato nauyi. Ƙiyasin da aka saba shi ne, duk fam 100 da ka sauke, ka rage kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ka kwashe duk abin da ke cikin but, ka je da kwatan tanki, domin galan ɗaya na fetur ya kai fam 6, tankinka kuma galan 16 ne.

Injiniya Garba:
Kayan cikin mota na yarda a kwashe, har ma doka ce kada a bar abin da zai yi yawo a ciki. Maganar fetur ce nake da ja a kai. Tankin yana can baya kusa da tayoyin da muke roƙo su kama ƙasa, kuma motar da ke sulɓi tana amfana da wannan nauyi fiye da yadda yake cutar da ita. Da ni ne, da rabin tanki zan je har sai tashin ya daidaita. Amma ba sai mun yi ta ja ba, littafin Maman Hanifa ne zai raba mu. Abban Sadiq, ka rubuta komai a kowane gudu: iskar taya, juyin da ka tashi da shi, yawan fetur, ƙarfe nawa, da zafin gari. Kuma abu ɗaya tak za ka riƙa sauyawa, in ba haka ba, ko ka ci gaba ba za ka san abin da ya taimake ka ba. Zafin gari ba ƙaramin abu ba ne a Teksas, domin iska mai zafi ba ta da kauri, inji marar sufacaja kuma yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000 na tudu, kuma rana mai zafi da gumi tana sa inji ya ji kamar an ɗora shi a kan dutse. Shi ya sa filin Bandimere na kusa da Denba, wanda tudunsa ya haura ƙafa 5,000, kafin a rufe shi a 2023 kowa ya san lokutansa sun fi na sauran wurare nauyi.

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum, na dawo da rahoto bayan mako biyu. Na sayi hula, na sauya tayoyin baya da sababbi na titi irin girmansu saboda maganar Malam Isa, na cire kujerar Sadiq da keken turinsa daga mota, na tafi da rabin tanki da ƙaramin littafi. Gudu shida na yi. A na farko na bar iska a 32, na tashi da juyi 2,200, na kewaye ruwa, na sami 2.19 da 13.52, kuma babu tsalle ko kaɗan. A na biyu na rage iska zuwa 28, ya zama 2.11. A na uku na yi zalama na ɗaga juyi zuwa 3,000, tsallen ya dawo, na saki totur na ƙarasa a hankali. Na huɗu da na biyar na koma 2,400. Na ƙarshe, wajen ƙarfe goma da rabi na dare da gari ya yi sanyi, iska tana 27, takarda ta nuna 2.04 a ƙafa 60, da 13.22 a mil 109. Da ma'aikaciyar rumfar ta miƙo mini takardar ta taga, sai da na tsaya a gefe na karanta ta sau uku.

Mai Turbo:
Ma sha Allah, rabin daƙiƙa ba tare da an taɓa inji ba. Na sallama wa Injiniya a kan jeri, ko da yake ina nan a kan cewa ranar sufacaja tana zuwa, kuma idan ta zo ka sa kuɗin sabon kuloci a lissafi.

Injiniya Garba:
Madalla, Abban Sadiq. Ka lura gudun ƙarshe mil ɗaya kawai ya ƙaru, wannan rabon sanyin dare ne, sauran duk daga ƙafarka da tayoyinka suka fito. Da tayar titi, kusa da 2.0 ka kusa iyaka. Mataki na gaba shi ne tayoyin tsere masu izinin hawa titi, irin su Mickey Thompson ET Street ko Nitto NT555R, a kan rim na daban, ka riƙa ɗaura su ranar fili kaɗai, domin suna saurin cinyewa kuma ba su da aminci a ruwan sama. Su ne ake bi da su ta ruwa a ɗan ƙona, kuma iskarsu takan sauka wajen 18 zuwa 20. Sai dai ina roƙonka kada ka ɗaura su kafin ka ƙarfafa bushin ɗin ƙafar baya, domin tayar da ta fi kamu, idan ta yi tsalle, dukanta ya fi na wadda kake da ita yanzu, kuma mota mai giyar hannu ta fi otomatik saurin karya sanda. Za ka ɗan ƙara jin ƙarar hanya a cikin mota bayan aikin, ka sanar da Maman Sadiq tun da wuri.

Abban Sadiq:
Na fahimta, Injiniya. Na yi magana da wani gareji a unguwarmu, za su yi aikin bushin ranar Asabar, su kuma sake saita tayoyin baya bayan sun gama. Zan koma fili sau ɗaya da tayoyin titin nan domin in ga abin da bushin kaɗai ya sauya, sannan in yi odar rim da tayoyin tseren. Maman Hanifa, idan ba damuwa, ki turo mini hoton yadda kika tsara shafin littafinki, domin nawa ya cakuɗe tun a gudu na huɗu.